Sabbin amotisar, amma Corolla na ta tsalle: ina matsalar take?

Laminu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar manya. Akwai Corolla 100 a gareji, ta haya ce, tana yin Maraɗi zuwa Ɗan Isa. An sa mata sabbin amotisar (abin da ke kashe lilon mota) na baya guda biyu, na kamfanin KYB masu gas, ba su kai wata ɗaya ba. Gaba lafiya lau. Amma baya, da ta hau tudun rage gudu sai tsalle, a kan burji kuma gindin motar ya riƙa gudu gefe. Babu ɗigon mai a jikinsu. Mai mota ya ce jabu aka sayo mishi, mai shago ya ce ɗaurin ne bai yi ba. Mi zan duba kafin in sake kwancewa?

Sale Direba: Wa'alaikumus salam. Jabu ne, kar ka wahalar da kanka. Kwali ne kawai na KYB. A mayar a karɓo na kas, wato na tsofaffin motocin da aka kwance, sun fi sababbin yanzu.

Malam Isuhu: Sale, a yi haƙuri, ba a yanke wa kaya hukunci ba a auna ba. Laminu, ka ce tsalle, to tsalle iri uku ne kuma kowane da mai laifinsa. Na farko lilo ne a hankali, mota ta nutse ta taso kamar sau ɗaya a daƙiƙa, ta maimaita sau uku ko huɗu bayan an wuce tudu. Wannan amotisar ne ya gaza riƙe rasor, ƙarfen nan mai zagaye-zagaye da ke ɗauke da nauyin mota. Na biyu tsalle ne gajere mai sauri da ke bugun fasinja a kwankwaso, sau biyu ko uku a daƙiƙa. Wannan ko rasor ya yi tauri fiye da nauyin da ke kansa, ko an cika taya da iska, ko kuma amotisar ya ƙure, ba shi da sauran wurin tafiya. Na uku jikin mota bai cika motsi ba, taya ce ke dakan ƙasa da sauri ƙwarai, sama da sau goma a daƙiƙa, ita ke sa gindi ya gudu gefe a kan burji mai ƙunya-ƙunya. Wanne kake ji? Kuma da kaya ko wayam?

Laminu: Maigida, in wayam take na biyu ne, har da ƙara "ƙwas" lokacin da take tasowa. In an yi lodi kuma sai ta koma na farko.

Malam Isuhu: Ƙarar lokacin tasowa, ba lokacin nutsewa ba. Riƙe wannan, zai yi amfani. Yanzu a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka auna iska da safe taya na sanyi, ka bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Ƙananan motoci irin wannan bar 2 zuwa 2.2 ne, masu faci kuwa sau da yawa har 3 suke ɗurawa saboda lodi. Ka ɗaga kowace taya ka juya ta kana kallon bayanta, in akwai kumburi ko ta karkace to wayar ciki ta rabu, ita ma tana sa tsalle a ƙaramin gudu. Ka shafa tafin hannu a kan tayar: in ka ji tudu da kwari a jere, ta daɗe tana dakan ƙasa. Sannan ka ajiye motar a daɓe mai daidai, ka auna da mita daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, kusurwa huɗu duka. Kar ka auna daga ƙasa, taya za ta ruɗe ka. Bambancin hagu da dama in ya wuce santimita ɗaya da rabi akwai rasor da ya gaji ko ya karye. Bayan nan ka sa jak a jikin mota ka ɗaga har tayar baya ta rataya, ka sake aunawa. Kawo mana lambobin.

Alhaji Mamman mai piyes: Kafin ya dawo, bari in ce wani abu kan jabu, tunda mu ake zagi. Jabu akwai shi, ba mai musu. Amma a KYB lambar da ke jikin ƙarfe tana faɗin irinsa. Mai farawa da 333 ko 334 jamb ne mai gas, wato amotisar da rasor ke zaune a jikinsa, 633 ko 634 jamb ne mai mai zalla, 343 ko 344 amotisar ne mai gas wanda ba ya ɗauke da rasor, 443 ko 444 ɗan'uwansa mai mai, 553 ko 554 kuma mai bututu ɗaya ne. Lambar jikin ƙarfe ta dace da ta kwali, hagu da dama su zama iri ɗaya. Corolla 100 irin wannan jamb ne da ita gaba da baya, kuma na hagu da na dama ba lamba ɗaya ba ne. Abin da mutane ba su so su ji shi ne waɗannan an yi su ne daidai da rasor ɗin da mota ta fito da shi daga kamfani. In an canza rasor, ba laifin amotisar ba ne in ya kasa.

Sale Direba: Alhaji, ai mai gas ya fi ƙarfi. Ka danna shi ya dawo da kansa, har ɗaga mota yake.

Malam Isuhu: Ba ya ɗaga mota, Sale. Abin da ka danna da hannu ya nutse, shi zai ɗauki gindin mota? Rasor ke ɗaukar nauyi. Amotisar aikinsa kashe lilon rasor: fistan na tura mai ta ƙananan ramuka da faifan ƙarfe, ƙarfin motsin ya koma zafi. Gas ɗin, nitrojin ne, an sa shi ne ya danne man kar ya yi kumfa. A zafin Afrilu da Mayu, a kan burjin da taya ke sama da ƙasa ba hutawa, mai na yin ruwa-ruwa ya yi kumfa, fistan ya riƙa wucewa cikin iska. Nan ne mai gas ya fi. Amma dawowa da kansa ba shaidar ƙarfi ba ce, shaidar cewa gas bai tsere ba ce kawai.

Laminu: Ga sakamako. Iska 2.9 na samu a baya, na mayar 2.2, tsallen ya ragu kaɗan amma yana nan. Tayoyi lafiya. Baya hagu milimita 385, dama 388. Da na ɗaga ta rataya, 410 da 412. Kuma na leƙa, akwai roba mai kauri kamar santimita 3 a ƙarƙashin rasor, sannan rasor ɗin ba nata ba ne, an yanke bakinsa da disk. Tsofaffin rasor ɗin suna nan mai mota ya ajiye.

Malam Isuhu: To ga ƙararka nan. Milimita 25 kacal taya ke iya sauka kafin sandar amotisar ta ƙure. Motar da ke daidai tana da wajen 70 zuwa 100. Wato amotisar na tsaye kusan a ƙarshen miƙewarsa. Da mota ta taso daga tudu sai ya ƙure, ya fizgi taya daga ƙasa, ta sake faɗowa. Taya kuwa in tana sama ba ta riƙe komai, shi ya sa gindi ke gudu. Ko na asali daga Japan aka kawo haka zai yi, kuma ba zai daɗe ba, don bugun ƙurewa na lalata abin tsayawar da ke cikinsa da kupel, mazaunin da ke haɗa shi da jikin mota a sama. Ƙa'idar da ake bi: mota na tsaye da nauyinta na kullum, a samu aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tafiyar sanda ya rage don miƙewa, saura don matsewa.

Malama Rakiya: Malam Isuhu ya gama da ƙarar. Saura lilon da take yi da lodi, shi lissafi ne. Laminu, ɗauki piye-a-kulis, abin awon kauri, ka auna kaurin ƙarfen rasor, tsoho da wanda ke ciki, a wurin da babu tsatsa. Ka auna faɗin zagayen. Ka ƙirga zagaye masu aiki, ban da na baki da ke kwance a kan mazauni.

Laminu: Tsoho milimita 11, zagaye 6. Na ciki milimita 12, zagaye 5 bayan yanka. Faɗi kusan ɗaya.

Malama Rakiya: Madalla. Milimita ɗaya ba ya cika ido, amma taurin rasor na tafiya ne da kaurin ƙarfe a ninka shi cikin kansa sau huɗu. Raba 12 da 11, ka ninka abin da ya fito cikin kansa sau huɗu, za ka samu wajen 1.42. Wato ya fi tsohon tauri da kashi 42 cikin 100. Yanka kuma ba ya tausasa rasor kamar yadda wasu ke zato, ƙara mishi tauri yake: daga zagaye 6 zuwa 5 ƙarin kashi 20 ne. Haɗa biyun, 1.42 sau 1.2, ya ba ka 1.7. Faɗin zagaye shi akasi ne, in ya ƙaru rasor ya yi laushi, kuma a ninke sau uku yake tafiya, don haka kar a raina shi in ana gwada rasor na wata mota.

Yanzu amotisar. Ƙarfin da ake buƙata gare shi ba da tauri kaɗai yake tafiya ba, da tauri ne sau nauyi, sannan a ɗauki tushen murabba'i. Tauri ya ƙaru zuwa 1.7, buƙata ta ƙaru da kashi 30. A ce nauyin da ke kan baya ya tashi daga kilo 400 zuwa 700 da fasinja da kayan but, wannan ma wani kashi 32 ne. Haɗe, ana neman amotisar da ya fi na kamfani ƙarfi da wajen kashi 70. Wanda ke ciki sabo ne, lafiyarsa lau, amma aikin ya fi ƙarfinsa. In wayam take kuma, rasor mai taurin 1.7 a ƙarƙashin gindi marar nauyi ba ya nutsewa, sai ya harba. Shi ya sa ka ji tsalle iri biyu a mota ɗaya.

Sale Direba: Malama, wannan boko ya yi mana yawa. A tasha ba mai piye-a-kulis.

Malama Rakiya: Akwai siminti ai. Buhu biyu kilo 100 ne. Auna tsayin baya, sa buhunan a but ka tura su jikin kujera su zauna saitin tayoyi, girgiza motar ka ɗan tura ta gaba da baya don komai ya zauna, ka sake aunawa. Kowace taya ta ɗauki kilo 50. In ta nutse milimita 25, kilo 2 ke nan a kowane milimita, abin da ake samu a ƙananan motoci ke nan. In 15 ta nutse, ya haura kilo 3, ya yi tauri. A wannan Corollar a cire robar tukuna, don sandar da ta kusa ƙurewa na iya ɓata awon.

Baba Ɗanladi mai rasor: Yara, ku bar ganin laifin mai motar. Ba don ado ya ɗaga ta ba. Motar haya mai zuwa iyaka in ba a taimaki bayanta ba, taya za ta ci ƙarfe, tanki ya daki ƙasa. Kuskuren shi ne yin abu uku lokaci ɗaya: kauri, yanka, roba. Rasor ɗin da aka yanke da disk ba ya zama daidai a mazauninsa, bakinsa na cin roba, in kuma da wuta aka yanke to ƙarfen wurin ya mutu. In ana son ƙarin ƙarfi a nemo rasor cikakke da ba a taɓa ba, faɗinsa ɗaya da na asali, bakinsa iri ɗaya, ƙarin kauri kada ya wuce rabin milimita. Malama, nawa ke nan?

Malama Rakiya: Daga 11 zuwa 11.5 ƙarin kashi 19 ne, Baba. Amotisar na kamfani zai ji, amma zai iya, don buƙatar da ta ƙaru wajen kashi 9 ce.

Baba Ɗanladi mai rasor: To ka ji. Kuma a duba ɗigon fenti a jikin rasor, kamfani na sa launi don bambanta su. Mota iri ɗaya, mai gazuwal da mai esans rasor ɗin gabansu ba ɗaya ba ne, injin gazuwal ya fi nauyi. Doguwa mai but a haɗe da gajera bayansu ba ɗaya ba. Wanda ya je kas ya ce "ba ni na Corolla" kawai, sa'a yake nema.

Malam Isuhu: Game da ɗagawa akwai bambancin da ya kamata kowa ya sani a motoci masu jamb. Abin ɗagawa in yana ƙarƙashin rasor, sanda yake ja, ya cinye wurin miƙewa, kamar wannan. In yana saman kupel, tsakaninsa da jikin mota, tafiyar sanda ba ta canzawa. Na biyun ya fi, amma kar ya wuce santimita 2 zuwa 3, a sa dogayen kusoshi masu ƙarfi, a duba tiyon birki bai ɗame ba in taya ta rataya, a sake daidaita ƙafafu. A gaba kuma kardan, sandar da ke juya taya, na shan wahala in kusurwa ta yi yawa.

Ila mai Hilux: Tunda ana ciki, mu masu lam, rasor na ganyayen ƙarfe, fa? Hilux da Hiace kowa ƙarin lam yake yi.

Baba Ɗanladi mai rasor: Lissafi ɗaya ne, sai dai lam na da nasa hali. Ganyayen na gogar juna, wannan guga na kashe lilo kaɗan, shi ya sa motar lam ke iya ɓoye mataccen amotisar har sai an yi lodi. Ƙara ganye ɗaya ko biyu na ƙara tauri, yana kuma ɗaga baya. Bayan ƙari a kwance amotisar ta ƙasa, a bar aks, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya rataya, a auna daga ido zuwa ido, a gwada da tsawon amotisar a miƙe. In amotisar ne ke riƙe aks tun lam bai gama buɗewa ba da nisa, a nemo mai tsawo. Amma a auna shi a matse ma: dole robar tsayawa ta taɓa aks kafin amotisar ya ƙure ciki, in ba haka ba kunnen da yake ɗaure zai karye. A canza kusoshin da suka rungume lam da aks, su da na tsakiya, in an ƙara ganye tsofaffin sun yi gajarta, a sake ɗaure su bayan ƴan kwanaki. Lam ɗin da aka daka da guduma don ya sake lanƙwasa tsayi kawai ya dawo, ba da daɗewa ba zai kwanta.

Malam Isuhu: Ila, gaban Hiace da Hilux mai sandar murɗa a madadin rasor kuma, ɗaure kusoshin ƙarshen sandar ɗaga mota kawai yake, ba ya ƙara tauri. Abin da ake ji kamar tauri hannun sama ne ya zauna a kan robarsa, wurin sauka ya ƙare. Ciwon Corollar nan ne a wata siffa.

Alhaji Mamman mai piyes: Tsofaffin Turai ma kowace da nata. Peugeot 504 gajera bayanta kowace taya da hannunta, doguwar kuma aks ɗaya ne da rasor huɗu, biyu kowane gefe, mai buɗaɗɗen baya lam ne. Amotisar ɗinsu ba ya shiga wa juna, ko da idon ya dace. A doguwar in ɗaya cikin huɗun ya karye ba a gani sai an leƙa. 405 da 306 sandar murɗa ce a baya, in tayar baya ta kwanta ciki ta sama, boris ɗin hannu ne ya ci, ba amotisar ba. Mercedes 190 da 124 akwai roba a saman rasor mai ƙuraje ɗaya zuwa huɗu a gaba, milimita 8, 13, 18 da 23, da ita kamfani ke daidaita tsayi, ba sai an yanko tsohuwar taya ba. Doguwar 124 kuma bayanta da mai yake aiki, akwai ƙwallayen gas biyu. In sun mutu mota ta yi ta tsalle da tauri, a yi ta zargin amotisar alhali ƙwallayen ne.

Sale Direba: Na kas ɗin da na ce fa? Ta yaya za a gane mai rai?

Malam Isuhu: Tsaye za ka riƙe shi, sanda a sama, ƙasan a matse a eto, abin matse ƙarfe na kan tebur. Ja ka tura har ƙarshe sau huɗu ko biyar, iskar da ta shiga lokacin da yake kwance ta koma wurinta. Sannan ka ji: ja ya fi turawa nauyi, ninki biyu ko fiye. Nauyin ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In akwai wurin da ya zame wayam, musamman lokacin da ka juya daga turawa zuwa ja, ka bar shi. Sanda ta zama sumul, ba tsatsa, ba tabo, ba lanƙwasa. Laimar mai kaɗan da ƙura ta manne ba komai, amma jiƙewa har ƙasa mutuwa ce, kuma ka yi hattara da wanda aka wanke tas. Ka gwada biyun tare su zama ɗaya. Duk da haka hannu ba ya kai saurin rami, yana nuna matacce ne kawai, ba ya tabbatar da lafiyayye. A jikin mota, bayan tafiyar kilomita kaɗan a burji, taɓa jikinsa da bayan hannu, nesa da birki da salansa. Mai aiki da ɗumi, wanda ya fi ɗan'uwansa sanyi ya daina aiki. Danna kusurwar mota a saki ma gwaji ne, ta taso ta zauna sau ɗaya ko ɗaya da rabi, amma a mota mai taurin rasor ba ya nuna komai.

Ila mai Hilux: Masu hudawa su ɗura mai fa?

Malam Isuhu: Mai bututu ɗaya kada a kusance shi da abin huji ko walda, gas ɗin cikinsa ya kai bar 20 zuwa 30. Mai bututu biyu da ya zubar da mai, abin da ya sa ya zubar yana nan, robar bakin sanda ce ta ci. Man inji ya yi kauri, da safe ya sandare, da rana ya saki. Man birki kuma cinye robar yake. Tsofaffin jamb masu babban goro a sama su aka yi don a buɗe, a zare na ciki a sa katush sabo.

Laminu: Allah ya saka da alheri. To in na fahimta: in cire roba, in cire yankakken rasor, in bar amotisar.

Malam Isuhu: Haka ne, amma ka gwada su a eto tunda sun sha bugu. Auna tsofaffin rasor a ƙasa gefe da gefe, in tsayinsu ɗaya kuma ba tsaga, mayar da su ka ga yadda motar take, daga nan a yi maganar mai 11.5. Da matsen rasor za ka yi aiki, biyu suna kallon juna, ba igiya ko waya ba, kuma kar ka kwance goron sama sai rasor ya saki kupel. Kar ka kama sanda da filaya, tabo ɗaya ya isa ya yanke robar baki. Sa sabon sufule, rigar robar da ke kare sanda, da robar tsayawa, ƙurar nan tamu ita ke kashe su tun kafin lokaci. Bakin rasor ya zauna a gurbinsa. Kusoshin da ke ratsa silambulok, robar mahaɗar hannuwa, kar ka ɗaure su tamau sai mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage.

Baba Ɗanladi mai rasor: Kuma ka gaya wa mai motar, in lodin nan ne kullum, ya nemi amotisar mai ƙarfi da aka yi wa kaya tare da rasor ɗin, a saya su lokaci ɗaya.

Alhaji Mamman mai piyes: Laminu, turo lambar shasi da wadda ke jikin amotisar ɗin, hagu da dama, in duba ko ma na gajera aka sa wa doguwa.

Laminu: To Alhaji, gajera ce. Zan ɗauko hoton lambobin bayan la'asar in na sauke jamb ɗin.